Auta ba daƙiƙiya ba ce, allo ne ba ta gani

A gidansu Auta ake ce mata, da shi kuma zan kira ta, domin ta yarda a ba da labarinta amma ba ta so a ambaci sunanta na yanka. A Makka aka haife ta, wajen Shara Mansur, inda Hausawa suka daɗe da zama. Kakanninta aikin hajji ne ya kawo su daga ƙasar Katsina, Allah ya ƙaddara musu zama. Yanzu ta haura arba'in, tana da 'ya'ya uku, tana ɗinki a gida. Idonta na dama ya rasa mafi yawan ganinsa, mu kuma da muke aikin auna ido mun san ba sai an kai ga haka ba. Shi ya sa ta ce a faɗa wa mutane.

Tun tana aji biyu na firamare aka yanke cewa ba ta da ƙwaƙwalwa. Doguwa ce, sai aka zaunar da ita a layin baya. Malama ta yi rubutu a allo, yara su kwafa, ita kuwa sai ta leƙa littafin ta kusa da ita, a ce satar amsa take yi. Ga shi a hadda babu mai kama ƙafarta. Duk abin da ya shiga ta kunne ya zauna, Mus'hafi kuma in yana tafin hannunta tana karanta shi tiryan-tiryan. Wannan kaɗai ya isa ya sa a tsaya a yi tunani, amma ba wanda ya tsaya. A gida sai ta matsa gaban talabijin har a kore ta. In aka ce ta hango wani a bakin layi, sai ta ƙanƙance ido ta tattare goshi. Manya su wuce daga nesa ba ta gaishe su ba, a kawo ƙara wai ba ta da ladabi. Ita kuwa ba ta taɓa cewa ba ta gani ba, don yaro bai san sauran mutane suna ganin abin da shi ba ya gani ba. A zatonta kowa dishi-dishi yake ganin hasumiyoyin Harami.

Abin da ke damunta ba raunin jijiya ba ne, ba kuma yanar ido ba ce. Idonta ne ya yi tsawo. Haske in ya shigo ido, abu biyu ne ke lanƙwasa shi: fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido, wadda ake kira koniya, da madubin da ke can ciki bayanta. Su biyun suna tattara hasken ya sauka daidai kan tantanin da ke shimfiɗe a bangon ido na baya, wato ratina, daga nan jijiya ta kai hoton ƙwaƙwalwa. Idon jariri bai wuce milimita 17 ba daga gaba zuwa baya. Yana girma har ya tsaya wajen milimita 23 zuwa 24. A wasu yaran ba ya tsayawa. Sai hasken abin da ke nesa ya haɗu tun bai kai ratina ba, ya sake watsewa, hoton ya iso a dagule. Ƙarin milimita ɗaya tak yana jawo kusan lamba biyu da rabi zuwa uku a gilashi. Abin kusa kuwa yana fita sarai, shi ya sa iyaye ke ruɗuwa, su ce yarinyar da ke zura zare a allura ina ita ina ciwon ido.

Sai da ta kai shekara goma sha ɗaya kawunta ya lura, ya sa aka kai ta awo. Yadda ake yi bai canza sosai ba har yau. Ana tsayar da yaro mita 6 daga allon haruffa, a rufe ido ɗaya, a gwada ɗayan. Wanda ya karanta layin da lafiyayyen ido ke karantawa daga nan, a rubuta masa 6/6. Auta babban harafin sama ma da ƙyar ta gane shi, wanda lafiyayyen ido ke gani daga mita 60. Sai a sa mata baƙin faifai mai ɗan ƙaramin huji ta leƙa ta ciki. In gani ya gyaru ta hujin, to matsalar ta lanƙwasar haske ce, gilashi zai yi aiki. In bai gyaru ba, sai a nemi wata cutar. Nata ya gyaru nan take.

Mataki na gaba shi ne wanda masu gaggawa ke tsallakewa, kuma ina roƙon iyaye kada su yarda a tsallake shi. Idon yaro yana da tsoka mai ƙarfi da ke matse madubin ciki. In ya leƙa na'ura, tsokar ta ɗaure, sai na'urar ta ba da lambar da ta fi ta gaskiya, wani lokacin ma ta nuna ciwon ga yaron da ba shi da shi. Don haka ake ɗiga maganin da ke sakin tsokar, galibi saiklopentolet mai ƙarfin kashi 1 cikin ɗari, sau biyu da tazarar minti biyar, a jira minti 30 zuwa 40. Idonmu na baƙar fata yakan fi jinkirin amsa maganin, don haka haƙurin jira ya fi zama dole a kanmu. Yaro zai wuni yana ganin rubutun kusa a dagule, hasken rana ya dame shi, washegari ya koma daidai. Bayan an ɗiga wa Auta, lambarta ta fito −3.50 a dama, −3.00 a hagu.

Wannan lambar tana da ma'ana mai sauƙi. A raba mita ɗaya da ita, a sami iyakar inda mutum ke gani sarai ba gilashi. Mai −1.00 yana gani har mita ɗaya, mai −2.00 rabin mita, mai −4.00 santimita 25. Duniyar Auta mai haske ba ta wuce wajen santimita 33 daga fuskarta ba, a haka ta yi shekara huɗu a layin baya. A takardar awo, lambar da ke ƙarƙashin SPH ita ce wannan. In an cika CYL da AXIS, to akwai kuma karkacewar koniya, ita ma a cikin gilashin ake gyara ta. Alamar ɗebewa tana nufin gilashi mai siririn tsakiya da kaurin gefe. Gilashin karatu da ake tallansa a kan tebur a kasuwa alamar tarawa gare shi, na dattawa ne, in mai wannan matsalar ya sa shi sai abin ya ƙara dagulewa.

Da aka dawo gida rigima ta tashi. Kakarta ta ce wa uban: "Baban Auta, 'ya mace da tabarau? Wa zai kalle ta? Kuma ido in ya saba da gilashi ai ya mutu ke nan." Ya ce: "Inna, ki yi haƙuri, likita ya ce ba ta ganin allo." Da ƙyar aka sasanta a kan a koma shagon a roƙa a rage ƙarfin gilashin, kuma ta riƙa sa shi a aji kawai. Mai shagon ya biye musu.

Inna ƙaunar jikarta ce ta sa ta faɗi haka, kuma har gobe muna jin wannan maganar daga bakin iyaye masu ilimi. Amma ba haka abin yake ba. Gilashi ba ya taɓa ido, haske kawai yake gyarawa kafin ya shiga. Abin da ke sa a zarge shi biyu ne. Wanda ya ɗanɗani gani sarai, in ya cire gilashin sai ya ji dishi-dishin ya fi na da, alhali da ma haka yake. Sannan shekarun da ake fara sa gilashi su ne shekarun da ido ke tsawo, lamba na hawa da rabi zuwa ɗaya kowace shekara, da gilashi ko babu. Rage ƙarfin ma an gwada shi. A wani bincike da aka yi a Malesiya, aka buga a 2002, an rage wa wasu yara ƙarfin gilashi da gangan, aka bi su shekara biyu, sai nasu ya fi saurin hawa a kan na waɗanda aka ba cikakkiyar lamba. Haka karas da hanta: suna maganin dundumi, wanda rashin bitamin A ke kawowa, amma ba sa rage tsawon ido. Zuma da ruwan albasa da nonon mai jego da ake ɗigawa kuwa, ban da kumburi da gyambo ba abin da suke jawowa.

Tana kai shekara ashirin lambarta ta tsaya a −8.00 da −7.00. Yawanci a wannan tsakanin abin ke lafawa, kuma wanda ya fara da wuri shi ke ƙarewa da babbar lamba. Daga −6.00 zuwa sama muna sa mutum a wani rukuni dabam, domin idonsa yakan kai milimita 26 ko fiye.

A nan ta sha wahalar da ba dole ba. Ta taɓa zaɓen firam mai faɗi saboda shi ake yayi, gilashin ya fito da gefe mai kauri, yana zamowa daga hanci, ga ciwon kai kullum. Da aka duba, ba a auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonta ba, abin da ake rubutawa PD, wanda a manya yakan kama milimita 60 da 'yan kai. Dole cibiyar gilashi ta zauna daidai saitin ƙwayar ido. A ƙaramar lamba kuskuren milimita biyu ko uku ba ya damun kowa. A −8.00 kuwa, kaucewar milimita 5 tana karkatar da hoto har idanu su wuni suna kokawar haɗa shi, sai ciwon kai da jiri da ganin abu biyu. Mai babbar lamba ƙaramin firam mai ɗan zagaye ya fi masa, tunda kaurin a gefe yake, in an yanke gefen an yanke kaurin. Sai a haɗa da irin gilashin da ke fitowa siriri, wanda ake kira 1.67 ko 1.74, maimakon 1.50 na gama-gari. Yara kuma gilashin roba mai ƙarfi da ake kira polikabonet ya fi dacewa da su, don ba ya tarwatsewa in ƙwallo ta same shi. Firam ya zauna kusa da ido, wajen milimita 12, domin in ya zamo ƙasan hanci ƙarfinsa raguwa yake yi.

Lokacin bikinta ta koma sa ɗan madubin da ake liƙawa a kan baƙin ido. Lambarsa ba ɗaya ba ce da ta gilashi, mai −8.00 wajen −7.25 zai sa, don haka ba a saye da takardar gilashi. Ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, ba a aron na ƙawa ranar biki. In ido ya yi ja yana zafi, a cire shi a tafi asibiti a ranar. Daga baya ta nemi a yi mata aikin leza da ke raba mutum da gilashi, aka auna kaurin koniyarta aka ce a'a. Na mafi yawan mutane yakan kai maikiron 540, wato ɗan fiye da rabin milimita, aikin kuma yana cinye maikiron 12 zuwa 15 a kan kowace lamba ɗaya, ga nata da ma siriri ne. Wanda ya hana ta ya kyauta mata. A nan Saudiyya cutar da ke sa koniya ta yi siriri ta tsiro gaba tana da yawa, musamman ga masu yawan murza ido saboda ƙaiƙayi, kuma leza a kan irin wannan idon ɓarna ce. Ko da an yi mata ma, da gilashin kawai za ta rabu. Tsawon idon yana nan yadda yake.

Wannan ita ce maganar da ba wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata cikin shekara kusan talatin tana sauya gilashi. Ido in ya yi tsawo, ratina ba ta ƙaruwa, miƙewa take yi kamar fatar ganga da aka ja fiye da ƙima, gefunanta su yi siriri. Cikin ido kuma cike yake da wani ruwa mai kauri da ke manne da ita. Da shekaru ruwan yana tsinkewa ya janye, ga masu dogon ido kuma da wuri yake yin haka. Wajen janyewar yana iya fizgar wurin da ya yi siriri ya yaga shi. Ruwa ya bi ta yagewar ya shiga bayan ratina, ya ɗaga ta daga bangon da ke ciyar da ita.

Nata ya zo a goman ƙarshe na azumi, ɗinkin salla ya yi mata yawa. Ta fara ganin walƙiya a gefen idon dama in ta shiga duhu. Bayan kwana biyu sai ga baƙaƙen ɗige-ɗige birjik suna yawo, ta ce wa mijinta ƙudaje take gani. Ya ce: "Maman yara, rashin barci ne, ki rage ɗinkin dare." Ita ma haka ta ɗauka, tunda babu zafi, babu ja, babu hawaye. Ratina ba ta da jijiyar jin zafi, shi ya sa wannan ciwon ke yaudarar mutane. Ta ce bari a sha ruwa, bari a yi salla. Ranar salla ta biyu wani baƙin labule ya taso daga ƙasan idon, kafin a kai ta asibiti ya rufe tsakiya.

Da ta zo ranar da ta ga walƙiyar, da an ɗiga mata maganin buɗe ido, an duba gefunan ratina, an ga yagewar, an zagaye ta da leza tana zaune a kujera, aikin da bai fi minti 15 zuwa 20 ba. Azumi ma ba hujja ba ce, asibitocin Makka da Jidda suna aiki da dare a Ramadan, mai shakkar ɗiga magani da rana sai ya je bayan buɗa baki, sashen gaggawa kuwa ba ya rufewa. Ko da labulen ya fara, muddin bai kai cibiyar gani ba, wadda ake kira makula, aikin gaggawa cikin kwana ɗaya yakan tsirar da ganin. In cibiyar ta ɗago, ana iya mayar da ita, amma da wuya gani ya koma yadda yake.

An yi mata tiyata, aka kwashe ruwan mai kauri, aka mayar da ratina, aka ƙone gefen yagewar, aka cika idon da iskar gas don ta danne wurin har ya kama. Kumfar gas sama take tasowa, don haka likita ke faɗa wa mutum yadda zai riƙe kansa na kwanaki, ya danganta da inda yagewar take. Salla a zaune ta riƙa yi da nuni. Akwai gas mai ɓacewa cikin mako biyu, akwai mai kaiwa wata biyu, kuma muddin yana ciki ba a hawa jirgin sama, don yana kumbura in an yi sama, ya toshe jinin ido. Mazauna Makka su ƙara da wannan: hawa Ɗa'ifa ma haramun ne a lokacin. Makka ba ta fi mita 300 daga teku ba, Ɗa'ifa kuwa ta haura 1,800, motar da ta bi hanyar Hada cikin ƙasa da awa ɗaya take yin wannan hawan. Alhajin da aka yi wa irin wannan aikin a nan, kada ya karɓi ranar komawa gida sai da izinin likitan da ya yi masa.

Ratinar ta kama, alhamdu lillahi. Amma idon a 6/36 ya tsaya da gilashi, layin da yake miƙe tana ganinsa a karkace, ba ta iya zura allura da shi. Daga baya yanar ido ta fito masa, abin da yakan biyo bayan wannan tiyatar, aka cire. A idon hagu kuma an tarar da wuraren da suka yi siriri da ƙaramin huji, aka zagaye su da leza tun ba su yi ɓarna ba. Da shi take ɗinki yanzu. Duk shekara ana buɗe idanun a duba, a auna ƙarfin ruwan ido, domin hawan jinin ido ma ya fi kama masu dogon ido, shi ma kuma shiru yake ci.

Ɗanta na biyu yana shekara bakwai aka same shi da −1.00, bayan zaman gidan korona na 2020 da karatu ya koma ta waya. Gado yana da hannu, ɗan da iyayensa biyu ke da matsalar ya fi shiga haɗari. Amma gado kaɗai ba zai bayyana yadda abin ya yaɗu ba. A manyan biranen gabashin Asiya, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na masu gama sakandare suna da shi. Wani hasashe da Brien Holden da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ya ce zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kamu, kashi 10 cikin ɗari kuma da babbar lamba irin ta Auta.

Abin da aka fi tabbatar da amfaninsa wajen kare yaro shi ne hasken rana. A Guangzhou ta ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta, bayan shekara uku kashi 30 cikin ɗari suka kamu, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 take ƙarfafa wa makarantu gwiwa su fitar da yara awa biyu kullum. Hasken ɗaki bai fi 300 zuwa 500 ba a ma'aunin haske, inuwar waje da rana tana kai dubbai har 10,000. A nan rayuwarmu ta Makka take cutar da yaranmu ba mu sani ba. Zafi ya haura 40, gidajen haya ba tsakar gida, yaro daga ɗaki mai sanyi sai mota sai aji, wasa kuma sai bayan isha'i a ƙarƙashin fitila. Wasan dare yana motsa jiki, amma ba ya yi wa ido wannan aikin. Lokacinmu shi ne bayan fitowar rana kafin ta yi zafi, da bayan la'asar zuwa magariba. Ba sai an tsaya cikin rana ba, inuwar gini ko rumfar soro ta wadatar. 'Yan mata kuma su ne aka fi tsarewa a ɗaki, su suka fi buƙatar a nema musu wurin.

Haka Auta ke yi da yaron yanzu. Littafi ko waya ba sa matsowa ƙasa da santimita 30, bayan kowane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi nesa. Gilashinsa cikakkiyar lamba ce, yana sa shi daga tashi har kwanciya. Da lambar ta hau da fiye da rabi cikin shekara ɗaya, likitan yara ya ɗora shi a kan maganin ɗigawa na atrofin mai rauni, ɗigo ɗaya kowane dare. Binciken Singafo da na Hong Kong ne suka kafa wannan hanyar, da ƙarfin kashi 0.01 zuwa 0.05 cikin ɗari. Kada wani ya je kantin magani ya sayi atrofin na kashi 1 ya ce zai tsarma shi a gida, wannan yana buɗe ido ya hana karatu har mako biyu, kuma guba ne ga ƙaramin yaro in ya sha. Akwai kuma gilasai na musamman irin su MiyoSmart da Stellest da ke rage saurin tsawon ido, sai dai suna da tsada. Duk waɗannan rage gudu suke yi, ba sa mayar da abin da ya riga ya miƙe, kuma ba a daina su kwatsam ba da shawarar likita ba, don lambar tana iya zabura.

Duk wata shida take kawo shi, a auna lamba, a auna tsawon idon da na'ura, a kwatanta da na baya. Ta ɗauki hoton takardar awonsa da tata ta ajiye a waya, kowannensu kuma yana da gilashi na biyu a gida, tun ranar da nata ya faɗi a cunkoson ɗawafi ta rasa mai kai ta ƙofa. Ƙaramar 'yarta ba ta shiga makaranta ba tukuna, ba ta kuma nuna wata alama ba, amma an riga an ɗiga mata magani an auna ta, za a sake kafin ta shiga aji ɗaya.